Dutsen da Na Kafa Awona a Kansa

Direban da ya ɗauko mu daga birni ya sauke mu a bakin wata gadar katako, ya nuna wata farar ƙololuwa da haɓarsa, ya ce sansaninmu na nan a gindinta, kafin shayi ya huce mun isa. Ya juya motarsa ya yi gaba. Na duba na ga dutsen kamar in miƙa hannu in taɓa, na ce wa abokin tafiyata Tomas ai mutumin ya yi gaskiya, mu saɓi kaya. Da hantsi muka fara takawa. Sai la'asar sakaliya muka isa, ina jan ƙafa ina haki. Daga baya muka ji ashe hanyar mota ta kai har kusa da sansanin, gudun ramuka ne ya sa direban ya yar da mu a can. Na yi masa Allah ya isa, sannan na janye rabi, don ni ma da laifina. Shekara takwas ina cin abinci da awon nisa, ga shi ido ya yaudare ni tun ranar farko.

Ni mutumin Kafur ne, a Funtua nake aikin safiyo. Gonaki nake aunawa, da filaye, da rabon gado in 'yan'uwa sun kasa daidaitawa. Allah ya ba ni gurbin ƙaro karatu na shekara guda a Turai kan zanen taswira. Ƙarshen karatun shi ne a kai ka wani daji ka yi wata biyu kana awo, shugabar aikin ta sa hannu cewa ka iya. In ba ta sa ba, ka koma gida da hotuna kawai. Mu bakwai aka tura duwatsun Kirgistan, ƙasar da sai da na nemo ta a taswira, ni da ake koya wa zanen taswira.

Shugabar tamu sunanta Dakta Marta, doguwa ce mai furfura, ba ta dariya sai da dalili. Ta tara mu ta ce taswirar da ake da ita ta wannan kwari tsohuwa ce, so ake a zana sabuwa mai nuna tsayin kowane tudu da zurfin kowane kwazazzabo, don hukuma na son fitar wa makiyaya hanyar dawaki da 'yan gadoji. Layukan da ke nuna tsayi a taswira, in ba ka taɓa gani ba, kamar kunyoyin gona suke a gefen tudu, kowanne na bin daidai tsayinsa, inda suka matse nan ne gangara ta yi tsanani. Ta ce kowa zai riƙe littafin awo ya rubuta da hannunsa, ban da abin da na'ura ta adana.

"Kuskure ina yafewa," in ji ta. "Amma wanda na kama ya ƙirƙiro lamba, dawakin da ke kawo mana abinci su za su mayar da shi."

Ta raba mana aiki. Ni aka ba ni ƙarshen kwarin, can sama, tafiyar sa'a uku a doki daga sansani.

Kwana huɗun farko ban san inda kaina yake ba. Iskar wurin ba ta ƙosar da mutum. Ka ja numfashi iya ƙarfinka, ƙirji ya ce ƙaro. In na sunkuya ɗaurin takalmi sai na huta kafin in miƙe. Ga ciwon kai, ga sanyin da ke shiga ƙashi, wai kuma lokacin bazararsu ke nan. Na tambayi Tomas to in hunturu ya zo fa, ya ce ba mai zama, har tumaki sauka suke yi. Na ce tumakin sun fi mu hankali.

A sallar azahar ta farko da na yi a ƙarshen kwarin na haɗu da Baba Asan. Na shimfiɗa rigar sanyina, na fuskanci mafitar rana kamar yadda na saba tun ina yaro, na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai na ji an kama kafaɗuna ta baya an juya ni a hankali, har na koma kallon tsakanin kudu da yamma. Na waiwaya na ga wani tsoho gajere da farar hula mai tsini. Ya nuna gaba ya ce, "Makka." Kunya ta kama ni, ga kamfas rataye a wuyana. Mu da muka tashi muna kallon mafitar rana a salla, ban taɓa kawowa a raina zan tsaya a ƙasar da Makka ta koma yammacina ba. Da na sallame ya ja ni bukkarsa, wata zagayayyiyar rumfa da aka lulluɓe da dafaffen gashin tumaki. 'Yarsa Aijan na ciki, mace ce da ta haura arba'in, malamar makaranta ce a gari, hutu ya kawo ta taya shi tatsa. Tana jin Turanci, ita ta zama bakinmu.

Suka miƙo mini ƙwarya ta katako da wani farin abu a ciki. Na tambaya, Aijan ta ce nonon goɗiya ne da aka tsima. Na ce goɗiya dai matar doki? Ta ce ita. Na yi bismilla na kurɓa, tsami ya tafi har kunne. Baba Asan na kallon fuskata yana jira. Na ce a faɗa masa da an samu fura da an gama magana. Sai da na kwashe rabin sa'a ina bayanin fura, shi kuma yana tambaya ko gero itace ne. Ni ma na rama, na fito da ƙullin yajin da matata Hajara ta daka mini, na barbaɗa masa a nama. Ya yi tari har da hawaye, sannan ya miƙo naman a ƙara.

Yanzu ga inda na yi aika-aikar. Duk awo yana da uwa, wato wuri guda tabbatacce da za ka kafa babbar na'ura mai ƙafa uku, wadda ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam. Ranar farko ka gano ainihin matsayin wurin, daga nan duk inda ka auna da ƙaramar na'urar hannu, da shi ake gwadawa. In uwar ta gurgunce, duk 'ya'yan sun gurgunce. Maigidan da ya koya mini aiki a Funtua yakan ce, bishiya ana sarewa, gamba tana ƙonewa, turken siminti maƙwabci na tuge shi ya matsar, amma in ka samu dutse ka ɗaura awonka a kansa ka yi barci. Na sha raba rigimar iyaka tsakanin Dandume da Mahuta da fa guda ɗaya, wato shimfiɗaɗɗen dutse, da kakanni suka sani. To da na hau ƙarshen kwarin na tarar da wani makeken fili na tsakuwa da ɓaraguzan duwatsu, a tsakiyarsa ga wani dutse ya kai girman ɗaki biyu, samansa a shafe, ana hango ko'ina daga kansa, sai na ce Allah ya kashe ya ba ni. Na hau na ɗiga jan fenti, na kafa na'ura.

Mako uku ina aiki, kuma wallahi na ji daɗinsa. Kullum da abin da zan tsaya kallo. Akwai wasu dabbobi masu kama da gafiya amma sun ninka ta, su miƙe a bakin rami su yi fito in sun gan ka. Akwai rafin da da safe zan tsallake da ƙafa, da yamma ya kai cikin doki, ba tare da an yi ɗigon ruwan sama ba. Na tambayi Aijan, ta ce rana ce ke narkar da ƙanƙarar sama. Na ce to mu damina daga gajimare take zuwa, ku taku daga dutse. Wani lokaci ina tsaye kan filin tsakuwar nan sai in ji ƙara a ƙarƙashina, kamar an karya kara, ko 'yan duwatsu su gangaro su kaɗai. Na ɗauka halin wurin ne.

Ranar Juma'a kaɗai nake samun magana da gida, sai na hau wani tudu inda waya ke kamawa. Yaya Sada, babban wanmu, ya ce mini an yi wa masara taki na biyu, ta fara goyo.

"Kai Mansir, wai gonar wa kake aunawa a can?"

"Ba ta kowa ba ce, Yaya. Dutse ne da ƙanƙara."

"Ba a shuka komai?"

"Ko ciyawa ba ta kai nan ba."

"To ikon Allah. Mu nan ana neman mai awo, kai kana can kana auna abin da ba mai gardama a kansa."

Na yi dariya, amma da na kashe wayar na zauna na daɗe. Ƙamshin ƙasa bayan ruwa nake so in ji, da gasasshiyar masara a bakin tasha. Kewa ta kama ni sosai ranar.

Da na gama, sai aka zo rufe awo. A kan wata ƙololuwa akwai tsohuwar alamar ƙarfe da gwamnatin baya ta kafa, an san matsayinta. Na auna ta ranar farko, ƙa'ida ita ce in sake auna ta ranar ƙarshe, lambobin su zo daidai. Na auna, suka saɓa da kusan taƙi guda na hannu. A awon gona wannan ba abin da zai hana cin tuwo ba ne, amma a irin wannan aikin kuskuren da aka yarda da shi bai kai kaurin yatsa biyu ba. Na sake, haka. Na canza batir, na goge na'ura, na yi addu'a, haka dai.

Dakta Marta ta baza littafina a kan tebur ta daɗe tana bi da fensir. Ta sa aka gwada na'urar, lafiyarta ƙalau.

"Mansir, kuskuren nan ba na hannu ba ne. Kuskuren hannu warwatse yake, yau dama gobe hagu. Naka kullum ƙaruwa yake, gefe guda, a jere. Irin wannan na saba ganinsa wurin wanda ya zauna a tanti ya cike littafi."

Jinina ya hau. Na ce, "Dakta, ni ne na zauna a tanti? Ki dubi leɓɓana yadda suka tsage. Ki tambayi dokin."

"Doki ba zai sa hannu ba. Yau Laraba. Dawakin abinci na sauka Juma'a da rana. Ka kawo mini dalili kafin nan, ko ka bi su."

Na fita ina huci. Ba takardar ce kaɗai ta dame ni ba. Mutanen da suka yarda in tsaya tsakaninsu da ɗan'uwansu a kan gonar gado, don sun san ba na matsar da igiya, su zan koma in gaya wa an koro ni a kan ƙaryar awo?

Tomas ya same ni bayan tanti da kofin shayi biyu. Mutumin kirki ne, shi ya ɗaukar mini rabin kayana ranar gada. Ya ce in kwantar da hankali, abin da sauƙi. In ce mata ranar ta goma iska ta ture na'ura na sake kafawa ban rubuta ba, sannan in kawo mata sabon jadawali da na raba kuskuren a kan kwanakin yadda zai dace da labarin. Ya ce za ta yi faɗa, amma kuskure ne, ta ce tana yafewa. Na ce ai ƙarya ce. Ya ce taƙi guda ne a cikin dutsen da ba kowa, wa zai mutu?

Ranar Alhamis da safe na zauna na rubuta jadawalin. Shafi biyu, da kyakkyawan rubutu, kowace lamba ta zauna daram. Na ninke na sa a aljihun ƙirji, da niyyar in miƙa mata da safiyar Juma'a. Sannan na hau doki na tafi kwaso na'urata, na biya in yi wa Baba Asan sallama.

Aijan ta ga fuskata ta tambaya. Na gaya mata sama-sama, na ce awona ya ƙi rufuwa, kamar wani na matsar da shi kullum. Ta fassara wa tsohon. Ya tambaya a ina na kafa abin nawa mai ƙafa uku, ko har yanzu a kan babban dutsen nan ne. Na ce nan ne. Sai ya ajiye ƙwaryarsa ya kama dariya, har yana dafa gwiwa. Raina ya ɓaci, na ce Aijan me ya ce.

"Ya ce ai dutsen tafiya yake yi."

"Wane dutsen?"

"Naka."

Na ce a gaya wa Baba ni ba yaro ba ne. Sai ya tashi ya ɗaura sirdi, ya ɗauki wani guntun ƙarfe, muka hau mu uku. Bai nufi dutsen ba, sai ya bi gefen kwarin, inda bangon dutse ya miƙe, ya wuce sama sosai. Ya tsaya wurin wata 'yar tsibin duwatsu da aka jera da hannu. Ya ce shekarar da ya yi aure, shi da mahaifinsa suka jera ta, kuma a ranar babban dutsen yana daidai saitinta, har sun sha inuwarsa. Na juya na duba. Ga dutsena can ƙasa da jan fentinsa, nisan ya fi filin ƙwallo.

Ban yarda ba tukuna. Muka gangara kan filin tsakuwar, ya samu wani wuri da ya tsage, ya durƙusa ya dinga ture duwatsu da ƙarfen nan. Bai kai kamu biyu ba sai ga wani abu baƙi yana sheƙi. Na cire safar hannu na taɓa. Ƙanƙara ce, tauri kamar kwalba, ruwa na tsiyaya a jikinta, na kasa kunne na ji wani ruwan na gudu can ƙasa. Aijan ta ce duk filin nan haka yake, kogin ƙanƙara ne ya yafa tsakuwa, yana gangarawa a hankali da duk abin da ke kansa. A aji an koya mana kogin ƙanƙara, an nuna mana hotuna, fari fat kamar auduga. Ba wanda ya ce mini yana iya shigar burtu. Na manta da Juma'a, na manta da kora, na zauna a wurin ina ta tambaya. Zurfinsa nawa? Da hunturu ma yana tafiya? In ya kai ƙasa ina dutsen zai je? Tsohon ya amsa wasu, wasu ya ce Allah ya sani.

Na ce, "Baba, mako uku kana ganina a kansa, me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, ta bakin Aijan, "Ba ka tambaya ba. Na ga ka zo daga nesa da kaya masu tsada, ka wuce duk duwatsun da ke zaune ka zaɓi mai tafiya. Na ce lallai tafiyarsa ka zo aunawa."

Wannan ta fi dariyar ciwo. A gida ba na kafa turke sai na gaida dattawan wuri na ji ta bakinsu. Nan na sha nono a bukkar mutum mako uku, na yi masa bayanin fura, ban taɓa tambayarsa labarin ƙasarsa ba.

Na sauka sansani kafin magariba na gaya wa Dakta Marta. Ta dube ni ta ce labari ne mai daɗi, amma ita lamba take so. Da asubar Juma'a ta hau doki da kanta. Muka kafa wata na'ura a jikin bangon kwarin, inda ta tabbatar dutse ne mai tushe da ba ya motsi, muka auna jan fentin. Ta ce dawakin abinci su tafi, ta ƙara mini kwana biyu. Lahadi muka sake aunawa. Fentin ya matsa, kaɗan ne, bai fi kaurin yatsa ba, amma gefen da littafina ya nuna, kuma daidai gwargwadon da yake ƙaruwa kullum. Ta zauna a kan tsakuwa ta buɗe littafin nawa tana bi layi-layi, sai na ga tana murmushi.

"Ka san abin da ka yi? Ka rubuta tafiyar wannan ƙanƙara ta kwana ashirin da ɗaya, ba ka tsallake ko ɗaya ba. A tsohuwar taswira tsakuwa aka rubuta a nan, kuma ta nan aka so a bi da hanya."

Ta ce awon nawa dai sai an sake gyara shi daga sabuwar uwa, kuma zaɓen dutsen wauta ce, amma ita ma da nata, ya kamata a ce ta hau ta duba tun farko. Da muka koma sansani ta tara kowa. A gaban mutum bakwai ta ce ta zarge ni da ƙarya, ta yi kuskure, tana neman afuwa. Ta ɗaga littafina ta ce ga mutumin da lambobinsa suka juya masa baya, aka ce za a kore shi, amma bai taɓa ko ɗaya ba. Aka tafa. Tomas ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali. Ni kuwa ina tsaye, takardar nan mai shafi biyu tana aljihun ƙirjina, ina jin gefenta a jikin fatata.

Washegari na hau sake awo. Na biya bukkar Baba Asan, na tarar yana hura murhu da busasshen kashin shanu. Na fito da takardar na tura cikin wuta. Gefe guda ya ƙi ci, ya zamo waje, lambobin na nan ɓaro-ɓaro. Tsohon ya dube ta, ya dube ni, ya sa sanda ya mayar da ita ciki, ya ɗora tukunyar shayi.

Dakta Marta ta sa mini hannu a ƙarshen wata. A ƙasan takardar ta ƙara layi guda da alƙalaminta, cewa ni mutum ne da za a iya yarda da littafinsa. Ban gaya mata ba. Ban gaya wa Hajara ba, ban gaya wa Yaya Sada ba. Da tsohon nan bai yi dariya ba, da safiyar Juma'a na miƙa jadawalin ƙaryar nan. Yau ne karo na farko da na faɗa.